Abin Da Na Gani a Idon Zaharaddini

Sallama gare ku, ku da kuke riƙe da waya kuna karanta ni, ko kuna kishingiɗe ko kuna cikin mota. Sunana Muhsina Gado. Ku gyara zama, don kwana huɗu ke nan ina ɗauke da wata magana a ƙirjina, na rasa wanda zan sauke wa sai ku da ba ku san fuskata ba.

Ni ɗalibar basariyat ce, wato karatun auna gani da yanka tabarau, ina shekara ta huɗu a Khartoum. Gidanmu kuwa yana wani ƙauye kudu da Hajj Abdalla, daidai inda tur'a, babbar hanyar ruwan noma, ta yi kwana ta miƙe gabas. Babana manomin auduga ne, yana da hawasha guda, gonar da ya gada daga Kakanmu. Hutun nan ya faɗo lokacin tsinka. In ka tsaya bayan gidanmu da safe sai ka ga ƙasa ta yi fari fat har iyakar ganinka, balbelu suna sauka suna tashi a ciki, ka rasa wacce ce auduga wacce ce tsuntsuwa.

Na dawo gida da akwatin gilasan gwaji na ƙungiyarmu ta ɗalibai. Akwatin katako ne, cikinsa jan karammiski, gilasai a jere kamar haƙoran mataji. In na gama aikin gida nakan zauna ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, in riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya ina kara su a idona. Wani ya jawo mini bishiyar nim har kan cinyata. Wani ya tattare gidan duka, da Iya da tukwanenta, ya mayar da su 'yan mitsi-mitsi a tafin hannuna. A nan nake yin mafarkina ido biyu: ƙaramin ɗakin auna gani a kasuwar Hajj Abdalla, ƙofa shuɗiya, allo da sunana, ni a ciki da farar riga. Kuma ko da wane gilashi na duba mafarkin nan, akwai wata farar hafila mai koren zane a tsaye a bakin ƙofar.

Motar Zaharaddini ke nan.

Shi direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Hajj Abdalla da Madani. A motarsa na fara tafiya makaranta, ina kuka a ɓoye cikin mayafi, ya miƙo mini ruwa ba tare da ya waiwayo ba. Daga ranar kujerar bakin taga ta zama tawa. Shi yana kirana Daktora tun ban san yadda ake riƙe gilashi ba, ni kuma ina kiransa Usta, kamar yadda ake kiran direbobi a nan, don kunya ba ta barina in kama sunansa. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai sanyin magana. In zai dube ka sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ba ka dukkan fuskarsa. Wallahi wannan juyin ne ya fara sace ni. Na ɗauka duk duniya babu mai sauraron mutum kamarsa.

Magabatansa sun zo tun bayan sallar layya, Baba ya karɓe su. Abin da ya rage sa rana, kuma a nan ake ta ja. Gwaggo Huseina, yayar Babana, tana son a ɗaura da an gama awon auduga.

Ranar Lahadi ta shigo da tob ɗinta, wato laffaya, ruwan ƙwai mai ɗigon azurfa, tana ƙamshin humra, ta zauna kan angareb, gadon igiya, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ɗiyar ga, karatun nan naki ba ya ƙarewa ne? Yaro da motarsa, da ɗakinsa an shafe da farar ƙasa. Mi ake jira?"

Na ce, "Shekara ɗaya ta rage, Gwaggo, sai kuma ta horo kafin a ba ni rajista."

"Rajista ce za ta haifa miki ɗiya?"

Iya tana soya bun, ƙwayar gahawa, a kan garwashi, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni abu ɗaya ke damuna da yaron. Bai taɓa cin tuwon darenmu ba. Da rana ta yi ja sai ya zabura kamar an kira shi."

Na ce, "Sallah yake so ya samu a masallacinsu, Iya." Haka ya faɗa mini, haka na yarda.

To bari in faɗa muku dalilin zuwana da akwatin. Ƙungiyarmu ta rubuta muzakkira, takardar koke, da za mu kai gaban lajnar lafiya ta wilaya, wato kwamitin lafiya na jiha, a Madani ranar Alhamis. Muna neman a sa doka cewa kada a ba direban haya ruksa, wato lasisi, sai ƙwararren basariyat mai rajista ya auna idonsa, kuma ba karatun allo kaɗai ba, har da ganin gefe. Muna kuma roƙon a buɗe wa irinmu gurabe a asibitocin karkara. Sakin layin direbobi ni na rubuta shi da hannuna, kuma da zafi na rubuta. Bara wata babbar mota ta faɗa tur'a da masu tsinka a bayanta, direban ya rantse bai ga amalanken da ya fito daga gefe ba sai da ya zo kansa. Ƙawata Ruqaya tana cikin motar. Har yau da sanda take tafiya.

Huda, sakatariyar ƙungiya, ba ta barin wayata ta huta. Ranar Lahadin nan ma sai ga saƙonta:

"Ya Muhsina, direbobi nawa kika auna? Lajna ba ta jin surutu, adadi take so."

Na rubuta, "Ko ɗaya. Duk wanda na tunkara a tasha sai ya ce idonsa ya fi na shaho."

"Kina da direba guda a aljihunki. Fara da shi, sauran za su biyo."

Na yi murmushi ni kaɗai, na tura wa Zaharaddini: "Usta, ina neman alfarma. Gobe ka zo in auna idonka, don abokan aikinka su daina gudu na."

Saƙon ya nuna ya karanta. Ya fara rubutu ya daina, ya fara ya daina. Can ya turo: "Daktora, idon da ya zaɓe ki ai ba ya bukatar awo."

"Daɗin baki ba zai cece ka ba. Bayan azahar."

"To. Allah ya kai mu."

Ranar Litinin na share rakuba sau biyu. Na sa doguwar rigata ruwan sararin sama da farin mayafi mai bakin leshi, na turara su da turaren bahur har Iya ta ce ko amarya za a kai. Na rataye allon haruffa a jikin nim, na auna mita shida da igiya, na ajiye kujera. Ya iso da farar jallabiya da hula, takalminsa na fata yana sheƙi, da ledar lemun tsami da dabino don Iya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta zuba masa jabana, gahawarmu, a ɗan finjali, ta koma gefe da faifanta tana tsintar wake, ido ɗaya a kanmu.

Na ɗora masa firam ɗin gwaji a fuska. Yatsuna suka taɓa gefen kunnensa, na ji kamar na taɓa bakin tukunya. Ya ce a hankali, "Hannunki yana rawa, Daktora."

"Rufe baki ka karanta."

Ya karanta. Tun daga babban harafi har layin ƙasa, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na ji wani daɗi ya cika ni, na ce a raina, kun gani ko, nawa ba irin na kowa ba ne. Iska tana kaɗa ganyen nim, inuwa tana yawo a kan farar rigarsa, daga nesa ana jin waƙar masu tsinka. Da a ce lokaci zai tsaya, a wannan wurin na so ya tsaya.

Na jawo kujerata na zauna daidai gabansa. Na ce, "Saura na gefe. Rufe idon hagu da tafinka. Ka dubi cikin idona, kada ka kawar. Zan kawo yatsana daga gefe, da ka gan shi ka ce ga shi."

Ya yi 'yar dariya. "A gaban Iya za ki ce in dubi idonki?"

Iya ta ce, "Aikin likita ne, ɗana. Duba."

Shekara uku muna tare, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa kai tsaye ba sai ranar. Ruwan zuma ne, da wani siririn zobe baƙi a kewaye. Na ga kaina a ciki, 'yar ƙarama da farin mayafi. Har na manta abin da na zauna yi, sai da na tuna na miƙa hannu can gefe, na fara kawo yatsa a hankali ina motsa shi.

Ni na ga yatsan tun yana nesa. Na jira ya ce ga shi. Shiru. Na ƙara matsowa. Shiru. Yatsana ya wuce kafaɗarsa, ya zo daidai kuncinsa, yana ta kallona yana murmushi. Sai da ya kusa shiga tsakanin fuskata da tasa sannan ya ce, "Ga shi."

Na ce a raina wasa yake yi. Na sake daga sama, daga ƙasa, daga ɗaya gefen. Na sa ya canza ido. Duk ɗaya. Duniyar Zaharaddini ba ta fi faɗin faifan da ke hannun Iya ba. Duk abin da ke wajen wannan da'irar, babu shi. Sai a lokacin na gane dalilin juyo da kan nan da na ƙaunata.

Murmushinsa ya tafi, don ya ga nawa ya tafi.

Na ce, "Iya, zan leƙa cikin idon da fitila, sai a inuwa. Mu shiga zaure."

Ta biyo mu da faifanta ta tsaya a bakin ƙofa. Na kunna 'yar fitilar leƙen ido, na matso har ina jin numfashinsa a kuncina. Cikin ido wuri ne mai kyau, masu karatu, ja ne kamar faɗuwar rana, jijiyoyi sun bazu kamar rassan tur'a. Nasa kuwa jijiyoyin sun tsuke sun zama zaren ɗinki, ga wasu baƙaƙen ɗigo masu ƙafafu sun kewaye gefe, kamar sawun tsuntsu a kan laka. Na taɓa ganin hoton nan a littafi, shafin da malaminmu ya ce, wannan gadonsa ake yi, a hankali yake ci, kuma gilashi ba ya gyara shi.

Na kashe fitilar. Iya ta ce, "Lafiya dai?"

Na ce, "Na gama, Iya."

Ta koma wajen wutarta. Muka fito bakin ƙofar gida, ya jingina da motarsa, ni ina riƙe da bakin mayafina.

Ya ce, "Kin gani ko?"

"Tun yaushe?"

"Dundumi tun ina yaro. Da rana ta faɗi sai in zama kamar an rufa mini bargo. Na gefen kuwa shekara uku ke nan yana matsowa." Ya shafa murfin motar. "Kawuna haka ya yi. Yana da hamsin aka fara riƙe masa hannu."

"Kuma kana ɗaukar mutum goma sha huɗu kullum."

"Ban taɓa buge ko akuya ba, Muhsina. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Ina juya kai, ina tafiya a hankali, biyar na yamma na ajiye mota." Wannan ne karo na farko da ya kira sunana. Da na san a irin wannan rana zan ji shi, da ban yi ta ɗokinsa ba.

Na ce, "Me ya sa ka zo, alhali ka san abin da zan gani?"

Ya ce, "Na gaji da ɓoyewa. Na ce in kin gani da kanki, ya fi in faɗa. Amma kada ki sa sunana a takardarku."

"Ba a sa suna. Lamba ake sawa."

"To kada ki faɗa wa kowa a gida. Ki ba ni lokaci."

Na ce, "Sirrinka ne, an koya mana riƙe shi. Amma ni ɗaliba ce, ba ni ke yanke hukunci ba. Sai ka ga likitan ido a Madani."

Ya dubi rana, ya ga ta fara karkata, ya shiga mota. Na tsaya ina kallon yadda yake juya kai dama da hagu kafin ya hau hanya, kamar mai sallame sallah.

Abin haushi, dabarar Huda ta ci. Da labari ya bazu a tasha cewa Usta ya zauna an auna shi, washegari direbobi goma suka jeru mini a ƙarƙashin rumfar mai shayi. Uku suna bukatar tabarau, sauran lafiya. Na cika takardu goma sha ɗaya. Ta farkon na ninke ta na sa a cikin littafina, na fito da ita, na mayar, har ta yi laushi.

Da yamma na kira Huda. Na ce, "Sakin layi na uku, ba za a sassauta shi ba?"

"Wane? Na direbobi? Ke fa kika rubuta shi, har kika sa mu tafi a taro."

"Na sani. Amma mutumin da aka karɓe wa ruksa, ina zai nufa? Ba mu ce komai a kansa ba."

Huda ba Bahaushiya ba ce, 'yar Sennar ce, amma ta san ni kamar yunwar cikinta. Ta ce da Larabci, a hankali, "Wa kika samu, ya Muhsina?"

"Lamba ɗaya."

Ta ce, "Ba zan cire layin ba, kuma ke ma ba ki so a cire. In kina da abin ƙarawa, rubuto. Minti goma suka ba mu, ke za ki karanta."

Ranar Laraba ban ji daga gare shi ba sai saƙo ɗaya da hantsi: "Kina fushi da ni?"

Na rubuta, "A'a. Tsoro nake ji. In na tashi gobe na karanta takardar nan, kai nake karanta wa. In na ƙi, Ruqaya na ci amana."

Ya karanta, bai amsa ba. Na wuni ina leƙa wayar. Na kai wa Baba abinci hawasha, na zauna a bakin ruwa ina kallon gajimare a cikinsa. Na rufe hannuna kamar bututu na kara a ido, na dubi gonar ta ciki, don in ga irin duniyar da yake gani. Kan auduga ɗaya, fari, kyakkyawa, shi kaɗai. Na yi kuka a wurin har Baba ya ɗago daga nesa, na yi kamar ina wanke fuska.

Ranar Alhamis da sassafe na sa baƙar abaya, na saka farar rigar ɗalibai a jaka, na fito bakin hanya. Farar hafila ta tsaya. Na nufi kujerata, sai na ga wani ne a kan sitiyari, Sa'id abokin aikinsa. Zaharaddini yana zaune a kujerar fasinja, hannuwansa a kan gwiwa kamar bai san inda zai ajiye su ba.

Ya ce, "Shigo, Daktora. Yau ni ma ɗan kallo ne. Na ba Sa'id makulli har likita ya gan ni."

Na zauna bayansa. Yana ta kallon taga, yana juya kai yana bin gonaki, bishiyoyi, mata da tulunansu. Sau ɗaya ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe hanyar nan tana da kyau haka." A bakin asibitin ido ya sauka. Na ba shi takardar da na rubuta abin da na gani, ya sa a aljihun ƙirji ya dafa.

Ɗakin lajna dogo ne, fanka tana juyawa a sama, mutum bakwai a bayan tebur. Mu ɗalibai shida ne cikin fararen riguna. Huda ta gabatar da mu, ta yi bayanin gurabe a karkara, sannan ta taɓa ni. Na miƙe na karanta. Da na kai sakin layi na uku ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Wani dattijo mai farin rawani, wanda suke kira Alhaji, ya cire tabarau ya ce, "'Yata, allon haruffa da aka saba bai isa ba ne? Ko aiki kuke nema wa kanku?"

Na ce, "Muna neman aiki, Alhaji, ba mu ɓoye ba. Amma a cikin direbobi goma sha ɗaya da na auna, akwai wanda ya karanta allo har layin ƙarshe, kuma ba ya ganin hannun da ke daidai kafaɗarsa."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

"To in an karɓe ruksarsa, ya ci me?"

Na ajiye takardar, don abin da na ƙara na haddace shi. Na ce kada a kore shi kamar mai laifi. A tura shi wurin likita, a ba shi fifiko a aikin tasha, a bar masa haƙƙin mallakar motarsa ya sa wani ya tuƙa. Na ce in doka ta zama tarko kawai, direbobi za su gudu daga awo, mai ciwo ya ɓoye har ranar da zai faɗa ruwa da mutane. Na ce, "Wanda nake ba ku labari mutumin kirki ne. Tsoro ne ya sa ya yi shiru, kuma yau da ƙafarsa ya tafi asibiti."

Alhaji ya dube ni, sannan ya rubuta wani abu. Suka karɓi muzakkirar, suka ce za su nazarce ta, mu dawo bayan wata guda da adadin da ya fi wannan. A waje Huda ta rungume ni, 'yan uwa suna murna, ni kuwa wayata nake dubawa. Na kira shi sau uku, a kashe. Sa'id ya faɗa mini Usta ya ce kada a jira shi, an ɗiga masa magani a ido, zai kwana gidan ɗan uwansa.

Na iso gida bayan la'asar. Tun daga zaure na ga takalman Gwaggo Huseina. Suna zaune a rakuba su uku, Baba a kan darduma da carbinsa, Iya ta haɗa tagumi, jabana ta huce a gabansu ba wanda ya taɓa.

Gwaggo ba ta jira na ajiye jaka ba. "Duk tasha ana faɗi. Yaron ga ya ba da motarsa, an gan shi ya shiga asibitin ido. Kwana uku da kika haska masa fitila. Mi kika gani?"

Na ce, "Gwaggo, bari in sha ruwa."

Baba ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Babana ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Zauna, Muhsina." Na durƙusa a gefen darduma. "Ni na sa ki karatun nan. Kin duba idon mutumin da zan ba ki. Faɗa mini abin da ke ciki."

Na sunkuyar da kai. Na tuna alkawarin bakin ƙofa, na tuna abin da aka koya mana tun shekarar farko. Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba a ba mu izinin faɗin sirrin mara lafiya ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "To. Ashe mara lafiya ne."

Na ji kamar in haɗiye harshena. Iya ta ce innalillahi a hankali. Gwaggo ta tafa hannu ta ce dama ita jikinta ya ba ta, gara da Allah ya tona tun ba a ɗaura ba, wa zai kai ɗiyarsa ta zama 'yar jagora. Ita da ta zo ranar Lahadi tana ƙirga mini kwanaki.

Baba bai dube ta ba. Ni yake kallo. Ya ce, "Ba zan matsa ki ki faɗi abin da aka ba ki amana ba. Abu ɗaya zan tambaya. Ke kin san abin da mu ba mu sani ba, kin san inda zai kai. Da sanin naki, har yanzu kina son sa?"

A gidanmu ba a yi wa uba irin wannan amsa. Na dubi tabarma, na dubi lallen da ya fara goge a yatsuna. Na ce, "Ina son sa, Baba."

Gwaggo ta miƙe tana gyara tob. Baba ya ce, "To ya zo gobe bayan Juma'a ya faɗa mini da bakinsa. In ya iya wannan, sai mu san abin yi."

Na shige ɗaki, wani sanyi yana ratsa ni, rabi kunya rabi daɗi. Na zaro waya don in rubuta masa cewa Baba yana kiransa, cewa na tsaya masa a gaban kowa. Sai na tarar da saƙonsa ya shigo tun minti ashirin da suka wuce, lokacin da nake durƙushe. Na murya ne, don maganin bai bar shi ya ga haruffa ba. Na kara a kunne.

"Muhsina, likita ya ce abin da kika gani haka ne. Hannunki ya iya aiki, Allah ya ƙara basira." Ina jin ƙarar motoci a bayansa. "Na kira Abbana, na ce ya je gobe ya janye maganarmu. Ke za ki buɗe wa mutane ido, ba zan ɗaure ki da nawa ba. Ki yafe mini."

Na saurara sau uku. Ta taga ina jin Baba yana ce wa Iya ta tanadi nama, gobe yana da baƙo.

Na goge fuskata da bakin mayafi, na danna wurin ɗaukar murya, na jira har numfashina ya daidaita. Na ce, "Usta, ka yanke hukunci kai kaɗai ba ka waiwayi gefenka ba. Ina nan a wurin. Gobe bayan Juma'a Baba yana jiranka, kuma ka riga Abbanka isowa."

Na tura. Alama ta nuna ya shiga, ta nuna ya buɗe. Ga ni nan zaune a bakin gado da wayar a tafin hannuna, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan, bai amsa ba.